Kafin Ka Sa Hannu A Takardar Gidan Tele

Lyon, daga ɗakina na Guillotière, ranar Jumma'a bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga angona, mai sunan Malam, wanda ya ɗaure kayansa zai bar tsohuwar matarsa ya koma Paris. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, ka sauka daga jirgin ƙasa da ƙafafunka biyu da jakunkunanka duka. Allah ya tsare hanya, ya tsare masauki, ya haɗa ka da maƙwabta masu tsoronsa, ya raba ka da sharrin mutum da sharrin ƙarfe.

Na cusa ta cikin aljihun rigarka ta sanyi, don na san in na sa ta cikin littattafai sai ta shekara ba ka gan ta ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma tunanina ya fi hannuna sauri. In ka ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi, ka tashe shi ka wuce.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gidan da sai gobe za ka bari. Maganar da ka yi ran Lahadi, kana cin tuwo da cokali kamar ɗan Nasara, ita ta hana ni sakat. Ka ce a gidan telen da suka ɗauke ka akwai wata mata baƙa, Madam Kumba, wadda ta yi shekaru tana rubuta labarai a ɗakin baya, wasu suna karantawa gaban kamara. Duk sanda ta nemi a bar ta ta fito, sai a ce mata masu kallo ba su saba ba tukuna. Da ta gaji ta kai ƙara kotun ma'aikata, ta ce saboda launin fatarta ne. Ba a jima da kai ƙarar ba suka kira ka, kai da kake koyon aiki, suka zaunar da kai kujerar labaran rana. Sati uku ke nan kana zuwa kana dawowa. Yanzu lauyansu ya ce kowa ya rubuta takarda ya sa hannu cewa bai taɓa ganin an nuna wa wani bambanci a gidan ba, kuma taka suka fi matsa wa, ran Litinin suke son ta. Ka faɗa kana dariya, amma na ga ka ajiye cokalin.

Babanka ya ce, "Ka sa hannu mana. Kai wani ya yi maka wani abu ne? Ba ruwanka da rigimar da ka tarar." Uwarka ta tashi ta shiga kicin ɗauko ruwan da ba wanda ya nema. Ni kuwa ba na tsinka babanka gaban ɗansa. Shi ya sa nake rubutawa.

Ka san ni ma na taɓa fitowa a tele? Kada ka yi min dariya, na riga ka da shekaru. Babanka yana ƙaramin aji a lakwal, makarantar boko, lokacin. Wasu Nasaru uku suka zo unguwarmu da kamara, wai suna shirin yadda ƴan Afirka ke zaune a Lyon. Alhajin da muke sayen kuka da kuɓewa a shagonsa ya nuna musu gidana, ya ce in surutu suke nema su je can. Na share falo, na sa mantona mai kyau, doguwar rigar sanyin nan, da takalmi mai tsini, har fure na aro wurin maƙwabciya. Matar da ke jagorantarsu ta shigo ta duba nan ta duba can, na ga ranta bai yi daɗi ba. Sai idonta ya faɗa kan ɗan turmin da na zo da shi daga Damagaram, wanda ke bayan ƙofa muna zuba laima a ciki.

Ta ce, "Madam, za ki ɗan daka mana?"

Na ce, "Ina da injin markaɗe. In na yi daka a hawa na huɗu, na ƙasa za su kira min ƴan sanda."

Ta ce kaɗan kawai. In cire manto, in cire takalmi, in zauna ƙasa. Abin ya ba ni dariya, na ce bari in yi wasa da su. Na zuba shinkafa ɗan tafin hannu, na kama daka ina waƙa. Suka tambayi ma'anar waƙar, na ce ta godiyar girbi ce. Alhali hancin mai kamarar nake yi wa waƙa, don Allah ya hore masa shi, ina cewa hancin zai riga shi isa gida ya buɗe masa ƙofa. Bayan nan suka zauna da ni wajen awa guda, na yi musu maganar aiki da sanyi da karatun yara, magana mai hankali wadda ko Malam da ya ji sai da ya yi mamaki.

Ran da aka nuna, ba manto, ba fure, ba maganar hankali. Ni ce zaune a ƙasa ina daka, wata muryar namiji tana cewa matan nan jikinsu ne kawai ya zo Faransa. Hausawan Lyon sun yi dariya har da hawaye, don su sun ji waƙar. Amma babanka ya je lakwal washegari, yara suna buga tebur da hannu suna kwaikwayon daka duk inda ya gifta. Shekarar nan gaba ɗaya bai yarda na je ɗaukarsa bakin ƙofa ba, sai dai in tsaya a kwana wajen mai burodi. Na zaci ni ke wasa da su, ashe wanda ke yanka hoton shi ke da wasan. To kai yanzu cikinsu kake, ka fi ni sanin yadda ake yanka. Duk sanda suka ce ka tsaya nan, ka yi murmushi, ka tambayi kanka me za a yi da fuskar nan bayan ka tafi gida.

Wannan ƙaramin kuskure ne, na ba ka shi don ka saki fuska. Ga babban, kuma ko babanka bai san shi ba sai jiya.

Ka san na yi aiki a kantin wata masana'anta a Saint-Fons, inda ake dafa wa ma'aikata abincin rana. Wurin kashi biyu ne, gaba da baya. A gaba akwai dogon kanta, ma'aikata suna bin layi da farantansu, mata masu farin tabliye, ƙyallen nan da ake ɗaurawa a gaban riga, da farar hula suna zuba musu. A baya akwai wanke-wanke, tukwane manya da za ka iya yi wa yaro wanka a ciki, tururi, da tabliyen roba shuɗi mai sa ƙaiƙayi. Duk na gaba farare ne. Duk na baya mu ne da Larabawa. Ba wanda ya rubuta haka a bango, kowa dai ya san ƙofar da zai shiga.

A bayan nan muke da Hajo, mutuniyar garin Tawa. Ka san ta, tsohuwar nan doguwa da muke gaisawa a wurin suna, wadda ka taɓa tambayata me ya sa gaisuwarmu ke da tsawo amma ba ma zama wuri ɗaya. Shekara ɗaya muka zo ƙasar nan. Ita ta riƙe min hannu ran da na haifi gwaggonka, Malam yana wurin aiki. Hajo ta yi lakwal sosai a gida, Faransancinta ya fi na shef ɗinmu, wato shugaban wurin, har takan gyara masa rubutun allon abinci in ya juya baya. Duk sanda aka samu gurbi a gaba sai ta nema. Sai a kawo sabuwar yarinya fara daga waje, a ce Hajo ta koya mata sunayen abincin. In ta yi magana, shef ya ce, "Ni ba ni da matsala, ma'aikatan ne ba su saba ba." Da ka faɗi abin da ake gaya wa Madam Kumba, sai na ji kamar shef ɗin ne yake magana. Ashe maganar ba ta tsufa.

Hajo ta rubuta wa masu binciken ma'aikata takarda. Aka ce za su turo mutum.

Bari in gaya maka wane ne shef ɗin, don kada ka ɗauka dodo ne. Mushe Rene mutum ne mai fara'a. Ya koyi cewa "sannu", yana faɗinta kamar mai atishawa. Da uwata ta rasu a Damagaram, ya hau benenmu hawa huɗu da tumbinsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa ya cire, ya zauna kan tabarma cikin maza, aka miƙa masa kunu ya sha. Ya ba ni hutun wata guda na je gida. Kai haihuwar nan ne, amma ka san abin da wannan yake a wurinmu. Wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa ya zauna kan tabarmarka, ba ka kunyata shi gaban baƙo.

Akwai kuma Madam Odet, tsohuwa mai muryar taba, shugabar matan gaba. Kullum cikin yi min tsawa take, na bar ƙasa a jiƙe, na jera cokula a karkace. Na sa mata suna Kunama, na bi matan unguwa ina gaya musu ba ta ƙaunar baƙar fata ko a hoto.

Ana saura kwanaki mai binciken ya zo, shef ya kira ni ofis. Ya ce, "Balki, daga gobe kina gaba." Ya miƙo min farin tabliye sabo, da layin ninkinsa. Na zo da shi gida na shimfiɗa kan gado ina kallo. Malam, Allah ya jiƙansa, ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Me ya sa sai yanzu?" Na ce masa shi dama ba ya son ya ga na ci gaba. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Da safe a ɗakin canza kaya, Hajo ta tsaya tana kallona ina ɗaurawa. Ta ce, "Ya yi miki kyau, Balki. Kin dai san dalili ko?"

Na ce, "Wane dalili kuma? Aikina suka gani."

Ta ce, "To." Ta ja safar robarta ta shiga baya.

Mai binciken ya zo, wani siriri da jakar fata, mura na damunsa. Aka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya a ofishin shef, shi kuma shef yana waje, ana hango shi ta gilashi yana yanka burodi. Da na zauna, mutumin ya ce yaya aiki. Na ba shi amsar da aka koya min tun ina goye, aiki da godiya. Mu an tashe mu a kan cewa baƙo ba ya ganin dattin gida. Ko daren jiya ba a ɗora tukunya ba, in baƙo ya tambaya, lafiya lau. Ya ce ko na taɓa ganin an hana wani aikin gaba saboda launinsa. Na dubi gilashin, na tuna takalman nan a bakin ƙofata. Na shafa tabliyen na ce, "Mushe, ai ga ni, ka gan ni da idonka." Ya ce tun yaushe nake gaba. Na ce an ɗan jima. Ya rubuta. Ya karanta min abin da ya rubuta, ya juyo takardar ya ba ni alƙalami. Lokacin ban daɗe da koyon rubuta sunana ba. Na zana shi a hankali, kowane harafi a tsaye, har ina jin daɗin yadda ya fito.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina kunya ce da tarbiyya, wai ban san gaisuwa za ta koma shaida ba. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ɗaya rabin kuwa, ina son tabliyen. Ina son hannuna ya bushe, ina son ma'aikata su dube ni su ce mersi madam. Kuma da ya tambaye ni tun yaushe, ai ba gaisuwa ba ce wannan. Na san adadin kwanakin, na ƙi faɗa.

Ka san wa ya shiga ya faɗi gaskiya tas? Kunama. Ita kaɗai cikin farare. Ta gaya masa sau nawa Hajo ta nema, ta gaya masa ranar da aka ba ni tabliye. Da yamma ta tare ni wajen famfo, ta ce, "Ni za su ce tsohuwa ce mai faɗa da kowa, ba a kama maganata. Ke kuwa za su ce ga baƙa ta faɗa da bakinta. Kin san nauyin takardarki ya fi na tawa sau goma?" Ta kashe tabarta a gefen kwatami, ta ƙara da cewa, "Kuma kin sake barin ƙasa a jiƙe." Tun ranar na daina auna mutum da fara'arsa. Kai ma a gidan nan naku za ka samu mai kiranka ɗan'uwa yana dafa kafaɗarka, za ka samu mai ɗaure fuska yana maido maka da rubutu da jan alƙalami. Kada ka yi saurin raba musu suna kamar yadda na yi.

Yadda Odet ta faɗa, haka aka yi. Aka rufe maganar, aka ce ba a ga bambanci ba tunda ga baƙa a gaba. Aka riƙa jibga wa Hajo manyan tukwane ita kaɗai har ta ajiye aikin, ta koma sharar ofisoshi, mace mai irin wannan karatu. Ni kuwa na cika sati uku cif a gaba, sai shef ya kira ni da fara'arsa. Ya ce, "Balki, baya sun rasa hannu, ki taimaka musu na ɗan lokaci." Ɗan lokacin nan shi ya kai ni har ritaya.

Da Sallah ta zo na dafa dambun nama da shinkafa, na cika babban kwanona mai murfi, na kai wa Hajo da kaina. Ta karɓa a bakin ƙofa, ta yi godiya. Washegari sai ga ta ta hau benena. Ka san ba a maido kwano wayam, ko ɗan sukari ne a kan sa a ciki. Ta miƙo min shi ba komai, yana ƙyalli. Ta ce, "Ga kwanonki. Na wanke shi tas. Shi ne aikin da kika shaida na iya." Ta gaishe da Malam, ta sauka.

Daga ranar ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba, ba ta kuma taɓa ƙin gaishe ni ba. Duk inda muka haɗu sai ta yi min gaisuwa cikakkiya. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya sanyi, ya labarin gida. Sai ta kai ƙarshe ta yi shiru, ta juya wurin ta kusa da ita. Da Malam ya rasu ta zo ta yi kwana uku tana dafa wa baƙi abinci, ba ta ce min komai ba bayan Allah ya ba da haƙuri. Angona, da zagi ta yi min da ya fi min sauƙi.

To ka ji. Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, kuma ban ce na fi lauyoyi sani ba.

Ban ce ka bar aikin ba. Ka sha wahalar karatu, na ga idonka ya yi ja a kan littafi, kujerar nan ba sata ka yi ba. Ko da wata manufa suka ba ka ita, zauna ka yi aikin da kyau har su rasa yadda za su yi da kai. Ban kuma ce ka ɗauki tuta ka shiga gaban Madam Kumba ba. Ba ka san duk abin da ya faru tsakaninsu ba, wataƙila tana da nata laifin, wannan aikin alƙali ne. Abin da na ce shi ne kada ka ba da shaidar abin da ba ka gani ba. Shekarun da take magana a kansu, kai kana nan kana cinye min ƙosai. In dole sai ka rubuta, rubuta ranar da ka fara aiki, da ranar da aka ba ka kujera, da cewa abin da ya faru kafin zuwanka ba ka san shi ba. Kwanakin nan su ne abin da ni na ɓoye, kai ka sa su a layin farko. In lauyan ya kawo maka wadda ya riga ya rubuta ya ce sa hannu kawai, ka ce za ka je da ita gida ka karanta. Ka nemi mutanen sandika na wurin, ƙungiyar ma'aikata ke nan, ko wani lauya da ba nasu ba, ya duba maka. Nasara ba ya jin haushin wanda ya ce bari in karanta, mu ne muke ganin kamar rashin kunya ne.

Kuma ka buɗe ido ka zaga gidan. Ka leƙa ɗakunan baya, ka ga su wa ke ciki, tun yaushe suke ciki. Ka nemi Madam Kumba ka gaishe ta, gaisuwa kawai, a fili inda kowa zai gani. Babbar yayarka ce a aikin nan. Kada ka bi ta wata ƙofa don gudun haɗuwa da ita, ni na yi wannan, na san yadda yake ci.

Na san abin da kake tsoro, kuma ba zan ce maka ba zai faru ba. Suna iya ɗaure maka fuska. Suna iya cewa gwajinka bai yi ba, su maido ka baya ko su sallame ka, ga ka ka riga ka kama ɗaki a Paris. Ban san zuciyarsu ba, wataƙila sun fi Mushe Rene. Abin da na sani, ni na sa hannu kuma duk da haka an karɓe tabliyen. Jiya na zaunar da babanka na ba shi labarin nan duka. Da na gama, ya ce in gaya maka ɗakinka yana nan, ba za a zuba kaya a ciki ba. Ka san babanka, wannan a wurinsa doguwar magana ce.

Saura abu ɗaya. Da na fara tunanin rubuta maka, sai na ga ba ni da bakin ce maka ka je ka gaida wata alhali ni ban je ba. Ran Laraba na hau taram, jirgin cikin gari, na tafi Villeurbanne, inda Hajo ke zaune wurin ɗiyarta tunda ƙafa ta hana ta hawa bene. Na same ta a falo, ƙafafun kan matashi, tele a kunne. Muka yi gaisuwar nan tamu har ƙarshenta. Aka zo wurin shirun da nakan tashi, sai na ƙi tashi. Na ce, "Hajo, takardar nan da na sa wa hannu a kantin, ƙarya na yi. Kwanana shida a gaba ran da mutumin ya zo."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Biyar. Ran Talata ba ki zo ba, kin kai yaro likita."

Sai na kwashe labarinka duka na gaya mata. Ta rage muryar telen, ta ce, "Ina ganin shi da rana. Shi ne mai taɓa wuyan riga kamar ƙuma na cizon shi?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Ya iya karatu. Ki hwaɗa mishi ya bar taɓa rigar. Ke ma kin iya zuba miya, Balki, ban taɓa cewa ba ki iya ba." Ta gyara ƙafarta. "Ni ban biɗi ki yi hwaɗa domina ba. Kina da ɗiya ƙanana, na sani. Da kin ce mishi ba ki sani ba, da ya ishe ni."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban matsa mata ba. Na ɗauki jakata zan miƙe, sai ta dube ni sama da ƙasa, kallon da rabona da shi tun muna ɗakin canza kaya. Ta ce, "Ina za ki? An ɗora shinkahwa. Zamna, in kujerar za ta ɗauke ki. Mi kike ci haka, kin koma kamar buhun hatsi?" Na ce ita kuma ta bushe kamar sandar rake da aka tsotse. Ɗiyarta ta leƙo daga kicin a tsorace, ta zaci faɗa muke. Sai bayan magariba na dawo gida.

Alƙalamin yana hannunka, ba zan riƙe maka shi ba. Abu ɗaya na roƙe ka. Ko me ka rubuta, ka kira ni ran Lahadi kafin ka kai musu, ka karanta min shi da muryar nan da kake karanta labarai. Faransancina na kicin ne, amma ina gane muryarka tun kana ce min ba kai ka sha madarar ba, kana ɗan tarin nan na ƙarya. In ka kai ƙarshe ba ka yi tari ba, ka kai musu.

Allah ya tsare min kai a birnin da ba ni da ido a cikinsa. Ya tsare harshenka da hannunka, ya ba ka abinci mai albarka da barci mai daɗi, ya sa ka fita lafiya ka koma lafiya. Ka riƙe salla ko a tsaye ne a bayan ƙofa, ka rufe wuyanka in za ka shiga metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Gwaggonka tana gaishe ka, Hajo ma ta ce a gaishe ka.

Wassalam.

Kakarka, uwargidanka ta fari,
Hajiya Balki